Ƙugiya a Wuyan Rigar Yaya Malam

Ranar Juma'a ce, ana ta shirin masallaci, Yaya Malam ya ɗauko babbar rigarsa daga igiyar shanya, ya zura kai, sai wani abu ya karce shi a ƙeya. Ya sa hannu ya ciro. Ƙugiya ce 'yar ƙarama, an naɗe ta da jan zare, an ɗaura mata gashin zabo da wani shuɗin gashi a gindi. Daga ɗakina na jiyo salatinsa, kuma tun kafin in leƙo na san tawa ce. Ashirin da tara na kwashe daga igiyar nan jiya, na wuni ina neman cikon ta talatin.

Yaya Malam, wato Malam Abdulbaqi, yayan marigayi mijina ne, shi ne babba a gidanmu na gado da ke bayan Kasuwar Kurmi. Yana da karatu, ba zan hana shi wannan ba. Amma wata biyu ke nan gwiwarsa ta kumbura, asibiti sun ce ya rage jan nama, shi kuwa ya fi so a ce masa hannu aka sa masa. To yau ga hannun ya samu, har da gashinsa.

Bari in faɗi yadda aka yi ƙugiya ta shigo ɗakin mace mai ɗinkin hula, wadda ba ta taɓa tsoma ƙafa a kogi ba.

Ɗana na fari, wanda duk gidan ke kira Likita, shekararsa bakwai yana aikin asibiti a Sikotilan. Ban taɓa kama sunansa ba. Ranar da aka yaye shi, 'Yardada, gwaggon mijina, ta goya shi ta tafi da shi sashenta, can ya girma, taku ashirin daga ƙofata. In ya faɗi ya fasa baki, ina kallo wata ke ɗaga shi. In aka yabe shi a gabana, sai in tashi in shige madafi. Haka aka koya mana kunyar ɗan fari, na kuma iya ta har ana yi wa amare misali da ni. Ko yanzu in ya bugo waya, maganarmu ba ta wuce "Lafiya?" "Lafiya lau." "To, ga ƙannenka." Ba wanda ya taɓa tambayata ko abin yana mini ciwo. Yana yi.

Da Babbar Sallar bara ya zo gida. Wata rana da yamma 'yan'uwansa suka kewaye shi a tsakar gida yana nuna musu bidiyo a waya: ga shi tsaye cikin kogi, ruwa har ƙugu, yana kaɗa wata doguwar sanda, zare na lilo a iska. Ya ce kifin sunansa samon, daga teku yake haurowa kogi, kuma ba tana suke sa masa ba. Gashin tsuntsu ake ɗaura wa ƙugiya ta yi kama da ƙwaro, a jefa, kifi ya ruɗu ya cafke.

"Gashin zabon nan da kuke sharewa kuna zubarwa," in ji shi, "can sai ka yi oda ka jira."

Ni ina gefe na juya musu baya ina tsintar shinkafa. Ko kalma ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba. Ban taɓa jin muryarsa da farin ciki irin na ranar ba, tun yana yaro.

Bayan ya koma, ina share ɗakin da ya sauka, na tsinci gwangwanin alewa a bayan katifa. Ƙwarin ƙarya uku ne a ciki, da ƙunshin ƙugiyoyi tsirara. Na sa a haɓar zanena, ban gaya wa kowa ba.

Na warware ɗaya, zare bayan zare, don in ga inda aka fara da inda aka ƙulle. Shekara arba'in ina ɗinkin hula, na ce wannan ba zai gagare ni ba. Ya kusa. Goman farko da na yi, ko kifin da ya makance ba zai kula su ba. Yatsuna suka sha suka. Gashin zabo na samo wajen masu figar kaji, farin gashin wuyan zakara kuwa na ƙunsa a tsumma na kai Ƙofar Mata wajen Baba Sabo marini.

"Hajiya," ya ce, "tun ina saurayi nake bakin karofin nan, ba a taɓa kawo mini gashin zakara ba."

Na ce, "To yau an kawo."

Wata biyar ina wannan aiki, kullum ƙofata a rufe. In na bar ta a buɗe me zan ce? Ina yi wa ɗan fari tsaraba da hannuna? Dabarata ita ce, Jamila 'yar maƙwabtanmu za ta tafi karatu garin da yake ranar Lahadi, gidan zai ba ta kuka da daddawa da yaji ta kai masa. Sai in cusa gwangwanin a tsakiya, ba suna, ba saƙo. Ranar Alhamis na shafa wa kawunan ƙugiyoyin jan farce don ƙullin ya kama, na rataye su a ƙarshen igiya lokacin da kowa ke ƙailula. Nan ɗaya ta maƙale wa rigar Yaya Malam.

Ana saukowa daga masallaci Yaya Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Aka rirriƙo 'Yardada, wadda yanzu ta doshi casa'in, aka zaunar da ita. Aka kawo kasko da garwashi. Ƙugiyar tana cikin murfin kwano a gabansa, ya ƙi ya sake taɓa ta da hannu.

"Jama'a ku duba," ya ce. "Ga gashi, ga zare, ga ƙulli, ga ƙarfe mai tsini. Me ya rage? Kuma ba a ko'ina ba sai a wuyan rigata, ni da nake fama da ƙafa. Duk wanda ya yi wannan, a gidan nan yake kwana."

Na ga idanu suna zamewa zuwa ƙofata ɗaya bayan ɗaya. Matan da na yi wa wankan jego, yaran da na yi wa kitso. Ban jira a zo a ɗaga mini katifa ba. Na shiga na ɗauko gwangwanin, na buɗe shi a tsakiyar tabarma. Mata suka ja da baya suna a'uziyya, wata har ta janye ɗanta.

"Nawa ne," na ce. "Ni na ɗaura su, ɗaya bayan ɗaya."

"Sa'ida!" in ji Yaya Malam. "Wa kika yi wa?"

"Kifi."

Wani ya tuntsire da dariya, ya kuma haɗiye ta da sauri.

"Kifi," Yaya Malam ya maimaita. "A cikin birnin Kano. Wane kifi ne yake cin gashi?"

A kusa da rijiya akwai shuɗin tankin roba da Nura, babban ɗan Yaya Malam, yake kiwon tarwaɗa a ciki. Na juya wajensa.

"Nura, ka ba kifinka abinci yau?"

"Sai la'asar, Inna Sa'ida."

Na ɗauko gorar da muke share yana da ita, na ɗaura mata zaren buhu, na ƙulla ƙwaro ɗaya a bakin zaren. Na tsaya na kaɗa yadda na gani da wutsiyar ido a wayar nan. Jifan farko a mayafina ya sauka, na tsaya ina ɓamɓarewa ana kallona. Na biyu ya faɗa kan ruwa a hankali. Ko numfashi ban sauke ba ruwan ya fashe, gorar ta lanƙwashe, na ji nauyi ya ratsa hannuna har kafaɗa. Na ɗago tarwaɗa baƙa ƙirin tana ta wutsil-wutsil, na dire ta a gaban tabarma. Wallahi a wannan lokacin na gane abin da ke tsayar da ɗana cikin ruwan sanyi har ƙugu.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ban san gidan da na yi shekara talatin da biyar a ciki ba.

Yaya Malam ya miƙe, ya ma manta da gwiwar. "Kun gani da idonku! Ba tana, ba tsaki, ba komai. Dabbar da ta zo wa gashi a guje, ai kiranta aka yi. Wannan kiranye ne! Abin da ya jawo kifi daga cikin ruwa, me zai yi wa ɗan Adam?"

Kawuna suka shiga gyaɗawa. Ya naɗe hannunsa da gefen riga, ya ɗauki gwangwanin, ya riƙe shi a saman kasko. Na ji ƙaurin gashi, wataƙila ɗan ɓurɓushi ne ya faɗa. Wata biyar na idona da yatsuna, ga Lahadi jibi.

"Dakata, Abdulbaqi," in ji 'Yardada. Ta ɗago kai ta dube ni. "Sa'ida, mace ba ta rufe ƙofa wata biyar saboda kifi. Akwai mutum a bayan wannan abu. Ko ki faɗi sunansa, ko a zuba su a wuta ki nemi gafarar yayanki, a wuce wurin."

Na kalli ƙwayar idonta, na gane ta sani. Ita ta raini Likita, ta kalli bidiyon kogin nan fiye da kowa. Ta san sarai sunan da ke bakina, ta kuma tabbata ba zan faɗa ba. So take in sunkuyar da kai a ƙona, gobe ta kira Yaya Malam gefe ta wanke ni a asirce. A wurinta gara a kira ni mai asiri na kwana ɗaya da a kira ni marar kunya. Ba mugunta ba ce, ita ma haka aka yi mata da nata ɗan farin, har ya rasu ba ta kira shi ba.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba.

"Na Naziru ne," na ce.

Tarwaɗar tana ta bugun ƙasa da jela.

"Ɗana Naziru, da na haifa a ɗakin can. Shi yake kamun kifi da su a inda yake. Ni na ɗaura masa, da hannuna, don ina sonsa. Akwai mai sauran tambaya?"

'Yardada ta dafe ƙirji. "Sa'ida! Ina kunyarki?"

"Gwaggo, shekara talatin da huɗu na yi muku ita, ban taɓa fashi ba. Ta ƙare."

Na taka na karɓi gwangwanin daga hannun Yaya Malam. Bai riƙe ba. Na miƙa masa ɗaya hannun.

"Yaya, har da ta cikin murfin kwanon. Talatin ne. Zancen gwiwa kuwa, mai tsiren bakin kasuwa za ka tuhuma, ba ni ba."

Ya miƙo murfin, fuskarsa a murtuke. Amma babba ba ya sauka haka kawai a gaban iyalinsa. "A kira Likitan," ya ce. "A ji daga bakinsa."

Nura ya latsa waya ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Tana ta ƙara, aka ɗauka. Kafin Yaya Malam ya miƙa hannu na riga shi.

"Naziru," na ce.

Ina jin hayaniyar asibiti a bayansa, ana tura wani abu mai taya.

"Inna?" Muryarsa ta sauya. "Inna, ke ce? Innalillahi. Waye ya rasu?"

Nan ne hawayen da na hana Yaya Malam gani suka zubo. Ɗan da na haifa, ya ji sunansa a bakina, abin da ya fara zuwa ransa shi ne an yi mutuwa. Na ga 'Yardada ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ba wanda ya rasu," na ce. "Kowa lafiya. Tambaya gare ni. Gwangwanin da ka manta a bayan katifa, na cika maka shi, Jamila za ta taho da shi. Kifin nan naka, shuɗi ya fi so ko ja?"

Na ji ya ja hanci, ya yi wata 'yar dariya da ba ta fita daidai ba.

"Shuɗi, Inna."

"To, sha biyu ne shuɗi. Sauran ka yi maneji da su, Naziru, kafin in koma wajen Baba Sabo."

Na miƙa wa Yaya Malam wayar ya yi tambayarsa in yana da ita. Na tsuguna na cire ƙugiyata daga bakin tarwaɗar Nura, na mayar masa da kifinsa ruwa, na ɗauraye gashin na shanya shi a tsakiyar igiya inda kowa zai gani.