Tuban Tanko

A shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, Tanko ɗan Sabuwa ya tuba. Haka aka zo aka gaya mata, tana sussukar dawa a tsakar gidanta, a wani ƙauyen Maguzawa kusa da Likoro. Ta jingine taɓarya ta ce, "Ya tuba? Laifin wa ya yi?" Aka yi dariya, aka ce ai musulunta ya yi, har liman ya raɗa masa suna Inuwa. Ta ce to, Allah ya sa alheri, ta ci gaba da aikinta.

Ba musuluntar ce ta dame ta ba. Maƙwabta da dama sun yi, kuma ba ta ga ƙaho ya fito wa kowa ba. Tanko shi ne namijin da ta samu bayan jerin 'ya'ya mata, shi ke noma gonar ubansa tun da tsohon ya rasu, da rani kuma ya tafi dakon rake wajen masu mazarƙwaila a Kudan. Bayan tuban nasa bai fasa durƙusawa ya gaishe ta ba, bai fasa kawo mata itace ba. Abu ɗaya ya fasa, cin tuwonta. Kullum da yamma sai ta tuƙa, ta zuba miyar kuka da ta ji daddawa, ta kai ƙofar ɗakinsa. Da safe ta tarar da akushin yadda ta ajiye shi. Shi kuwa gogan naka yana can yana tauna gasasshiyar masara, har wuyansa ya fara tsawo.

Ta tambaye shi sau ɗaya. Ya sunkuyar da kai ya ce abokan aikinsa sun ce abin da hannun wanda ba ya salla ya taɓa, mai salla ba ya ci. Sabuwa ta dubi hannun nata, wanda ya yi masa wanka da ɗura yana jariri. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ita ma tuwon ya fita daga ranta.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ran nan da hantsi ta ɗaura zanenta na saƙi, ta kama hanyar Likoro, sai gidan Malam Sada, limamin da ya karɓi tuban. Ta same shi a bakin zaure yana tufkar igiyar rama, tsoho ne ɗan firit mai yawan murmushi. Ta durƙusa daga gefe. Suka gaisa, aka tambayi gida da gona da gajiyar hanya, ya sa aka kawo mata ruwa.

"Malam," in ji ta, "ni ce uwar Tanko, wanda kuke ce wa Inuwa. Na zo ka gaya mini mene ne Musuluncin nan, don in san abin da ya ci mini ɗa."

Malam Sada ya ajiye igiya. Ya ce, "Inna, kalmar ma'anarta miƙa wuya. Mutum ya sallama kansa ga Allah ɗaya, wanda ya yi sama da ƙasa, ba ya haɗa shi da kowa."

"Allah kam mun san shi," in ji Sabuwa. "Wa ke ba mu ruwa in ba shi ba?"

"To, shi kaɗai ake roƙo, ba dutse ba, ba kurmi ba. A kuma yarda Annabi Muhammadu manzonsa ne. Wannan shaidar ita ce ƙofa. In an shiga, sai salla sau biyar a yini. Wata guda a shekara a kame baki daga asuba zuwa faɗuwar rana. Wanda Allah ya ba amfanin gona mai yawa ya fitar da rabon marasa shi, ita ce zakka. Mai hali kuma ya je Makka ko sau ɗaya ne. Bayan haka mun yarda akwai ranar da kowa zai tsaya ya amsa abin da ya aikata."

Sabuwa ta juya maganar a ranta, ta ce, "Duk na ji, ban ga na faɗa a ciki ba. To, a cikinsu wanne ne ya ce ya miƙa wa Allah wuya, ni kuma ya juya mini ƙeya? Tun da ya tuba bai sa tuwona a bakinsa ba. Na fara zaton daga ni ya tuba."

Murmushin malam ya ɓace. Ya tambaye ta me take sawa a miya. Ta ce kuka da daddawa da barkono, nama kuwa sai in an yi sa'a ranar kasuwar Hunkuyi, shi ma daga hannun mahauta.

"Ƙaramin sani ƙuƙumi ne," in ji Malam Sada. "Ba zan ɓoye miki ba, Inna, giya ba zai sha ba, mushe ba zai ci ba, kuma in kin ce ya bi ki wajen tsafi ba zai bi ba. Amma tuwonki halas ne. Allah da kansa ya haɗa haƙƙinsa da na iyaye, ko da kuwa iyayen ba sa salla. Laifina ne da na koya masa alwala ban fara da wannan ba. Je ki gida ki ɗora tukunya."

Ba ta san abin da malam ya gaya wa Tanko ba, ba ta kuma tambaya ba. Ita dai ta tuƙa tuwo kamar kullum, amma wannan karon ba ta kai ƙofar ɗakinsa ba, ta ajiye a gabanta ta zauna. Tana jin sa ya shigo, ya yi alwala a gindin rumbu, ya yi sallar magariba. Ta san in yau ma bai ci ba, to ta rasa shi ke nan alhali yana raye.

Sai ga shi ya zo ya durƙusa. Kansa a ƙasa ya ce, "Inna, na tuba."

"Kuma?" in ji ta. "Ba ka gajiya ne?"

"Wannan naki ne."

Ta tura masa ƙwaryar ruwa. Ya wanke hannu, ya ja akushi, ya yi bisimilla, ya yanko loma. Sabuwa ta kau da kai wajen murhu, wai hayaƙi ne ya shiga mata ido. Da ta ga ya kusa rabi, sai ta ce a hankali, "Ni fa ban tuba ba, Tanko."

"Na sani, Inna," in ji shi. "Ƙara mini miya."