Ranar da Hannun Mainasara Ya Taɓa Ƙasa

Daga Baure zuwa Mashi, duk mai zuwa kallon dambe ya san ba a taɓa kai Mainasara ƙasa ba. A dambe kuwa, da hannunka ko gwiwarka ta dafa ƙasa, an gama da kai. Sai ga korona, wadda shi da bakinsa yake kira murar masu kuɗi, ta kwantar da shi bayan girbi. Zazzaɓin ya tafi, ya bar masa jiri da mantuwa. Ko kalangu ya ji a kusa, sai kansa ya hau sara. Kewar filin dambe ta ishe shi, har ya rame.

Mutanen gari, da ba sa rasa bayani, suka ce tsohon naushi ne ya taso. Shi ma haka ya so. Har ya zaɓi mai laifin, wani Mahdi ɗan garin Babban Mutum da ya taɓa samunsa a kunne.

Matarsa Haulatu ce ta matsa suka je asibiti a Daura. Likita Zakiyyu ya saurare shi, sannan ya ce, "Gwajin da muke yi wa wanda kansa ya bugu zan yi maka."

Ya sa shi ya bi yatsa da ido. Ya faɗa masa kalmomi uku, rijiya, doki, goro, ya ce ya riƙe su. Da aka jima ya tambaya, goro ya ɓace.

"Yanzu miƙe, ka haɗe ƙafafu, ka rufe ido."

Mainasara ya yi dariya. Shi da ake tayar wa kiɗa tun daga bakin ƙofa, yau tsayuwa ake koya masa. Ya rufe idon. Ɗakin ya karkata, ya ji tafinsa a kan siminti mai sanyi. Haulatu ta kawar da kai.

"Likita, naushin Mahdi ne ko?" ya tambaya bayan an zaunar da shi.

"Bayan wannan wasan ka yi jiri?"

"Ko kaɗan. Har noma na yi."

"To ba na zaton shi ne. Cutar nan takan bar wasu da alamu irin na bugun kai. Da yawa suna warwarewa a hankali, za mu bi ka. Amma kan da yake haka bai kamata ya sha naushi ba."

"Da Mahdi ne," in ji Mainasara, "da na san garinsu, sai in je in rama."

Da la'asar mota ta sauke su kusa da gidan dambe. Makaɗin da ke ƙofa ya hango shi, ya juya kalangu, ya ɗauko takensa, kiɗan da ba a yi wa kowa sai shi. Nan take kansa ya ɗauka. Ya jingina da darbejiya, hannun damansa ya dunƙule da kansa.

"Baban Fadila, mu tafi," Haulatu ta ce a hankali. "Kanka zai tashi."

"Ya riga ya tashi," ya ce, idonsa a rufe. "Bari dai ya kai ƙarshe."