Jirgin Katako da Zaren Inna Barira

A duk Jibiya, garin da gulbinsa ke zama rairayi zalla wata takwas a shekara, mijina ne kaɗai ya taɓa sassaƙa jirgin ruwa. Sunansa Lawwali kafinta. Yau dai na faɗi sunan, tunda ƙasa ta rufe masa ido, ba mai cewa ni Rabi ba ni da kunya.

Abin ya faru a 1953, shekara bakwai da dawowarsa daga yaƙin Bama. Wani Bafaranshe ma'aikacin kwastan na tsallaken iyaka, wanda mutanen Maraɗi ke kira Mushen duwan, wato yallaɓai na kwastan da Faransanci, ya shigo ranar kasuwa da takarda a naɗe. Hoton wani tsohon jirgin yaƙi ne na kakanninsu, irin wanda iska ke turawa. Dogayen sanduna uku a tsaye, manyan ƙyallaye masu tare iska da ake kira filafilai, igiyoyi birjik kamar saƙar gizo, ga bakin igwa jere a gefe ta 'yan tagogi. So yake a yi masa ƙaraminsa da katako, tsawon kamu biyu, ya tafi da shi ƙasarsu in wa'adin aikinsa ya cika. An ce masa a yankin nan kafinta ɗaya ne ya taɓa ganin teku da idonsa.

Maigida ya karɓi aikin. Na yi faɗa, ba zan ɓoye ba. Ƙyauren ɗakina wata biyar da turmi nake tokare shi, amma ga mai gyaran ya zauna a zaure yana auna hoto da tsinken tsintsiya. Na ce masa aikin baban giwa. Bai kula ni ba. Ya samo maɗaci ya fere haƙarƙarin jirgin ɗaya bayan ɗaya kamar na rago, ya jiƙa siraran katakai a ruwan zafi ya lanƙwasa su a kai, ya kafe su da ƙayar aduwa don babu ƙusar da za ta shiga ba ta tsaga ba. Igwa sittin da huɗu ya fere daga baƙin itacen kanya, kowace ba ta kai ƙaramin yatsana ba. Har ni mai faɗan, in ya fita masallaci nakan leƙa in shafa.

Da aka zo kan igiyoyi aiki ya tsaya. Zaren kasuwa ya yi kauri, in ya ɗaura sai ka ce an ɗaure kaza da igiyar rijiya. Mutum ɗaya ce a unguwarmu ke kaɗa zaren da ya kai siririn da ake so: Inna Barira, maƙwabciyarmu.

Inna Barira uwar Kalilu ce, Kalilu kuwa abokin maigida ne tun suna kiwon awaki. Tare suka shiga soja, tare suka hau jirgi a Ikko, ɗaya ya dawo. Shi ne ɗanta na fari, kuma shi kaɗai ya rayu cikin waɗanda ta haifa. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce wa maigida “abokinka”.

Ranar da maigida ya dawo, ya durƙusa gabanta ya ce zazzaɓi ya ɗauke Kalilu a cikin jirgi, washegari jirgin ya tsaya a wani gari mai suna Adan, can wajen Makka, suka binne shi a maƙabartar Musulmi. Ta tambayi ko da inuwa. Ya ce da dabino a kansa. Shekara bakwai tana tambaya yana ba ta amsa, har ta san kabarin nan kamar tsakar gidanta: ta ƙofar gabas ake shiga, a wuce wata rijiya, na uku daga gindin dabino.

A wannan shekarar ta ɗaura niyya. Wasu maniyyata za su tashi da kaka, a mota zuwa Maiduguri, daga can kuma abin da Allah Ya yi, wani wuri mota wani wuri ƙafa. Ta ce da ita za a je, daga Makka kuma ta nemi Adan. Mace ta haura sittin, ga tari ya kama mata ƙirji. Ta sayar da awakinta, ta kaɗa zare ta kai wa masaƙi ya saƙa mata farin likkafaninta, don mai wannan tafiya da kayansa yake tafiya. Tun daga lokacin maigida ya daina cin abincin kirki. Ni da wautata na ɗauka jirgin ne ya hana shi.

Kullum da hantsi sai ta shigo zaure da mazarinta da allinta, ta zauna gefen tabarma tana kaɗi, shi yana ɗaura igiya. Idonta ya yi rauni, da yatsa take kallon jirgin.

Yanzu ga laifina, kuma har in mutu ba zan daina jin ciwonsa ba. Maigida yana da wani hali: in hannunsa na kan aiki bakinsa ba ya iya ƙarya. Hankalinsa duk yana kan yatsunsa, abin da ke ciki sai ya fito da kansa. Da haka nake kama shi in ya ci goron da na ɓoye. Wata rana na kawo musu fura, na tarar ya ce ya gyara ƙyaure gobe, goben da ba ta zuwa. Cikin wasa na ce, “Inna, in kina son gaskiyar mutumin ga, ki bari sai ya kama aiki. In kin ga ya aje kayan aiki kahin shi amsa maki, to shirya ta yake.”

Ta yi dariya har da tari. Shi ma ya yi, amma tasa ba ta kai ciki ba.

Saura kwana tara motar maniyyata ta tashi. Bayan la'asar ne, ina tsaye bakin ƙofar cikin gida ina tsince wake. Maigida yana kan igiyoyin sandar tsakiya, waɗanda suka fi wuya, allura a hannu, ya sunkuya har hancinsa na taɓa katako.

“Lawwali,” in ji Inna, mazarinta na juyi, “ruwan sha ina kuke samu cikin abin ga?”

“Da shi ake tahiya, Inna. Aunawa ake.”

“Alƙibla hwa?”

“Rana muke dubawa. Wata sa'a kana cikin salla jirgi ya juya da kai.”

“Ikon Allah.” Ta shafa alli a yatsa. “Ranar da abokinka ya cika, kwana nawa kunka ƙara kahin ku ga ƙasa?”

“Sha ɗaya,” ya ce, bai ko ɗago kai ba.

Mazarin ya yi juyi biyu ya kwanta. Sai a lokacin maigida ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Allurar ta zame daga hannunsa.

“Shekara talatin ni ke wankan gawa a unguwar ga,” in ji ta a hankali. “Gawa ba ta jiran kwana sha ɗaya. Mi kunka yi da shi?”

Ban taɓa ganin namiji ya yi kuka irin na ranar ba. Ya gaya mata duka. A tsakiyar babban teku ne, kan hanyar Indiya, ko tsuntsu babu. Wani malami cikin sojoji ya yi masa salla. Aka naɗe shi da bargon soja aka ɗinke, aka sa ƙarfe wajen ƙafa, aka ɗora shi kan faffaɗan katako a gefen jirgi. Shi da kansa ya ɗaga katakon, don bai yarda wani baƙo ya ɗaga ba. Ya ce da ya dawo ya ga fuskarta sai ya kasa. Ya ce kullum yana so ya faɗa kafin ta hau motar nan ta je ta mutu a hanya tana neman abin da babu, kullum harshensa na yin nauyi.

Ta miƙa hannu ta laluba gefen ɗan jirgin. “Ta ina?”

Ya kama yatsanta ya ɗora a tsakiya, sama da tagogin igwa.

“Nan?”

“Nan, Inna.”

“Dabinon hwa?”

“Babu dabino.”

Ta daɗe yatsanta na wurin. Sannan ta ce, “Kalilu.” Sau ɗaya tak, kamar mai kiran yaro ya zo ya ci tuwo. Ta tattara mazarinta ta fita, ba ta zagi kowa ba. Da ta zage mu da na fi samun sauƙi.

Washegari da hantsi sai ga ta kamar kullum, amma da ƙunshi a ka. Ta kwance a kan tabarma. Likkafaninta ne, fari sol, saƙar da ba a taɓa sa wa ruwa ba.

“Na fasa tahiyar,” ta ce. “Allah shi gahwarta mani, Ya san ba Makka ce ta ɗaga ni ba. Dama wurin yaro za ni.” Ta shafa ƙyallen. “Da mi za ka yi filafilan?”

Maigida ya ce Mushe ya yi alkawarin kawo yadi daga kanti a Maraɗi.

“A'a. Da bargon soja ɗana ya tahi, kamar wanda ba shi da uwa. Yanki nan.” Ta auna kamu guda da hannunta ta riƙe. “Ba ka ce Bature ta ruwa za shi gida da abin ga ba?”

“Ta ruwa za shi.”

Na sa baki na ce, “Inna, naki ne hwa. In an yanka ba ya isa.” Ko kallona ba ta yi ba. Maigida ya ɗauki almakashi ya fara yanka inda ta nuna. Ya kai rabi ta sake magana.

“Ruwan da Bature za shi bi, da wanda kunka sa shi ciki, duk ɗaya ne ko? Ko bai same shi ba, ya bi ta kansa?”

Ni na san amsar, don ya sha zana mini a ƙasa da tsinke: hanyar Faransa arewa take, ta Indiya kuwa can gabas, tafiyar wata da watanni tsakaninsu. Na ga almakashin ya tsaya. Na ga ya ajiye shi a kan tabarma a hankali, ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwa.

“Duk ɗaya ne, Inna. Ta kansa za shi bi.”

Idonta ba ya gani sosai, amma kunnenta lafiya lau, kuma ta ji ƙarar ajiye ƙarfen kamar yadda na ji. Can ta gyaɗa kai ta ce, “To, madalla. Ƙarasa yankan.”

Ita ta kalmashe bakin filafilan da allura, guda goma sha bakwai, tana lalube. Motar maniyyata ta tashi ba ita. Da Mushe ya zo ɗauka ya zagaya jirgin sau uku yana ta magana da yarensu, ya taɓa filafilan ya ce bai taɓa ganin saƙa mai kyau haka ba. Aka sa jirgin cikin akwati da ƙaiƙayi, aka ɗora a bayan mota. Inna ta tsaya ƙofar gida tana sauraren motar har ta yi nisa kan hanyar Maraɗi.

Ba ta ƙara taɓa mazari ba. Kafin damina ta faɗi ta rasu, ni da wasu mata biyu muka yi mata wanka yadda ta koya mana. Da muka zo suturta ta, likkafanin ya rufe ko'ina amma bai kai ƙafafunta ba. Ɗaya daga cikin matan ta yi tsaki, ta ce wane masaƙi ne ya cuci tsohuwar nan haka. Na shiga gida na yago farin mayafina na rufe mata ƙafa.