Askar Malam Chindo

Inna Salima ta kai hoton dab da hancinta, ta janye shi, ta sake matso da shi, sannan ta miƙa wa Dogo abinsa ta ce wannan ba mijinta ba ne.

Dogo ya ji abin har cikin ƙoƙon ransa. Shekara uku yana sana'ar gyara tsofaffin hotuna a shagonsa na bakin kasuwar Cadawa, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Makon jiya tsohuwar ta zo daga wani ƙauye na yankin Gidan Runji da ɗan hoton marigayi Malam Chindo, ƙarami kamar kwalin ashana, ya yi duhu ya tsattsage. Shi kaɗai ya rage. Idanunta sun fara yin hazo, tana so a ƙara masa girma ta sake ganin fuskar mijinta tun da sauran gani. Dogo ya kwashe hoton a na'ura, ya wanke fuskar tas, ya goge duk wani ƙarce. Har hular ya ƙara wa kyau.

"Ɗana," in ji ta, "wanga yaro ne mai sulɓin kumatu. Ina askarshi? Bagobiri ne fa."

Ya buɗe hoton asali a kwamfuta, ya zura ido. Kumatun baƙi ne kawai, da 'yan farfashe-farfashen da ya ɗauka tsagewar takarda ce. Ya yi abin da duk mai hankali zai yi in bai ga abu ba: ya ƙara haske. Ya danna har maɓallin ya ƙure. Rigar Malam Chindo ta yi ƙal, fuskar kuwa ta koma toka-toka, abin da yake gani a da ma ya gudu.

Motar su Inna za ta tashi bayan la'asar, kuma ta riga ta faɗa masa ba ta jin ƙafafunta za su sake kawo ta Cadawa. Don haka ya haɗiye girman kai ya kira Safiyanu, ɗan ƙanen babansa mai gyaran kwamfuta a Maradi, wanda ba ya iya amsa tambaya sai ya buɗe lakol, wato ya mayar da mutum ɗan makaranta.

Safiyanu ya ce laifin ekiran ne, wato allon da ke nuna hoton, kuma abin da ake dubawa sunansa kontiras. Dogo ya ce ai nasa ya fi na kowa, ga kwalin nan a ƙarƙashin tebur, an rubuta miliyan biyar da ɗigo biyu da ɗaya. Saboda wannan lambar ya zaɓe shi, ya bar wani mai dubu ɗaya kacal. Safiyanu ya yi dariyar da ta sa Dogo nadamar kiran. Wai lambar tana nufin sau nawa farin allon ya fi baƙinsa haske. Wai dubun nan ita ce ta gaskiya, miliyan biyar kuwa dabarar masu sayarwa ce: su rage fitilar ciki su auna baƙi, su ƙure ta su auna fari, alhali ba a taɓa ganin biyun a hoto guda.

Dogo ya tambaya ko ke nan dubu ta fi miliyan. Safiyanu ya ce a'a, amma e. Dogo ya tambaya ko baƙi ma yana da haske. Safiyanu ya ce sosai, ai nan matsalar take, baƙin allonsa ba baƙi ba ne. Dogo ya dubi allon, ya dubi wayar, ya rasa wanda zai ƙaryata a cikinsu. Kansa ya ɗaure tamau. Ya yi lissafi a lakol daidai gwargwado, amma ba a taɓa ce masa a raba fari da baƙi a samu lamba ba.

"Tsaya," in ji Safiyanu. "Ina ekiran ɗinka yake kallo?"

"Ƙofa mana. Don masu wucewa su ga aiki."

"To ai rana ta cinye maka baƙin. Rage haske, ka rufe ƙofa."

Nan Dogo ya tabbata yaron ya fara taɓuwa. Mutum na neman abin da ya ɓace masa, a ce ya rufe ƙofa ya zauna cikin duhu? Ya kashe wayar. Inna Salima kuwa ta fara ɗaure bakin zanenta, tana cewa ba komai, ya ba ta ƙaramin ta tafi, Allah bai nufa ba. Yadda ta faɗe shi ba faɗa ba zargi, shi ya fi ƙona masa rai.

Ya roƙe ta ta ɗan dakata. Ya jawo ƙyauren, ya rataya tabarma a taga. Mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ya ɗaga murya yana tambaya ko an fara wankin hoto irin na da ne. Dogo ya koma gaban kwamfuta. Ya rage hasken sannu a hankali, ba don ya yarda ba, sai don ba shi da wata dabarar.

Da fari bai ga komai ba. Can, da idonsa ya saba, baƙin kumatun ya fara rarrabuwa, wani ya fi wani duhu. Layuka suka fito daga gefen baki suna bajewa zuwa kunne, sirara, a jere. Farfashen da ya goge makon jiya ashe tsakiyarsu ne. Ya girmama fuskar har ta cika allon, ya ja kujerar tsohuwar kusa.

Ta matso da fuskarta dab da allon. Daga nan ta ɗora yatsa a kan gilashin tana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, leɓunanta na motsi. A kan na ƙarshe ta tsaya.

"Wanga gajere ne," ta ce. "Wai ya motsa hannun wanzami yana jinjiri. Sannu, Malam."

Dogo ya buga mata hoton yadda yake, da tsagewarsa da komai, ya raka ta har tasha ya sa ta a mota. Har yanzu bai gane yadda dubu ta fi miliyan ba, kuma ba ya jin zai gane.

Da ya dawo ya buɗe ƙofa, haske ya sauka a kan hotunan tallar da ya jera a bango: tsofaffi goma sha ɗaya, na Agiye da Gazawa da Gidan Sori, duk sun riga mu gidan gaskiya, duk da kumatu sumul. Ya tsaya yana kallonsu. Sannan ya sake rufe ƙyauren, ya zauna, ya buɗe asalin na farko a kwamfuta.