Malam Kalle-Ni

Yara ne suka raɗa masa sunan, sunan kuma ya bi shi har ofishin malamai. Dokarsa ta farko a aji huɗu ita ce duk mai son magana ya ɗaga hannu, ya miƙe, ya dube shi ido cikin ido. Idan yaro ya sunkuyar da kai yana ƙunƙuni, sai Malam ya buga tebur ya ce, "Kalle ni. Da ƙasa kake magana?" Iyaye suna yaba wannan tarbiyya ƙwarai. A saman allonsa kuma akwai wani madubin babur da ya kafa da ƙusa, ta yadda ko yana rubutu yana ganin ajin gaba ɗaya. Yara sun ɗauka don kama masu wasa ne, sun kuma yarda cewa mutumin nan yana da ido a ƙeya.

Gaskiyar maganar ita ce kunnuwan Malam sun daɗe da ajiye aiki ba tare da sun nemi izininsa ba. Na hagu ne ya fara tafiya, na dama ya bi shi a hankali, har ya zama muryar mutane tana zuwa masa kamar ana magana a cikin ruwa. Da leɓɓan mutane yake rayuwa. Idan ya ga bakinka ya gane abin da ka ce, idan ka juya kuwa, kai da bango ɗaya. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ga abin da ya sami malamin aji shida da ya zo wata rana da na'urar ji a kunne: kafin zangon ya ƙare an mayar da shi ɗakin ajiya, yana gadin tsintsiya da kwalayen alli har ya yi ritaya. Malam ya gwammace a ce masa mai kunnen ƙashi da a ce masa kurma.

A gida ma haka yake tsammanin asirinsa a rufe yake. Matarsa, mai ɗinki ce a falonsu, duk lokacin da za ta yi masa magana sai ta tsayar da keke, ta zagayo gabansa. Shi a tunaninsa ladabi ne.

Lasisin koyarwa ne ya zo ya tona masa rami. Dokar hukumar malamai ita ce bayan 'yan shekaru kowa ya sabunta nasa, kuma ba a sabuntawa sai mutum ya cika awannin bita. Da farko Malam yana zuwa. Amma bitar a wani dogon zaure ake yin ta, da lasifika mai amsa kuwwa, mai koyarwa kuma rabin lokaci ya ba mutane baya yana nuna majigi. Wata rana aka jefo masa tambaya a kan yadda ake raba yara rukuni rukuni, shi kuwa ya tashi da ƙarfinsa ya ba da amsa a kan wanke hannu. Bai ji dariyar ba, amma ya ga haƙora, ya ga kafaɗu suna rawa, ya ga wata malama ta rufe baki da gyale. Tun daga ranar, duk lokacin da aka sa bita sai ciwon baya ya tashi. Yau da gobe, gobe da jibi, wa'adi ya cika, kwanakin alfarma da ake ƙara wa masu jinkiri su ma suka wuce.

Hedimasta ya kira shi ofis. Saurayi ne idan aka gwada shi da Malam, kuma yana da gashin baki mai kauri da ya rufe leɓen sama, abin da ya sa Malam ya fi tsoron magana da shi fiye da kowa a makarantar.

"Baba, wallahi ni ma ba a son raina ba," in ji hedimasta. "Lasisinka ya mutu. Doka ta ce ba ka tsayawa gaban aji sai ka sabunta."

"Ai zan yi bitar. Bayan ne ya matsa min."

"Da a kan lokaci ne, bitar kawai ta isa. Amma wanda ya makara, bayan ya rama awanninsa, sai ya yi darasin gwaji gaban masu dubawa. Kuma ba a nan ba. A wata makaranta, da yaran da ba su san shi ba."

Malam ya sa shi ya maimaita, ya fake da cewa mamaki ne ya kama shi. Da ya gane, sai ya tambaya.

"Ajin fa?"

"Sabuwar malamar nan za ta riƙe maka. Kai da ka koyar tun kafin a yaye ni, wane gwaji ne zai ba ka tsoro?"

Haka ya koma zaman ofishin malamai yana gyara littattafan wasu. Ta taga yana hango ajinsa. Sabuwar malamar ba ta da laifi, yarinya ce mai ƙoƙari, amma a makon farko ta rataya jakarta a jikin madubin. Abin ya ci masa rai fiye da yadda ya zata.

Ya rama awannin bitar da ƙyar. Yakan zo da wuri ya kama kujerar gaba, ya kafe mai koyarwa da ido har mutumin ya tsargu ya riƙa shafa fuska ko wani abu ne ya maƙale masa. Idan aka yi tambaya sai Malam ya duƙa yana rubutu kamar wahayi ake saukar masa. Yana dawowa gida da ciwon kai, idanu jajur. Matarsa takan zagayo ta ce, "Malam, ko dai mu je asibiti a duba ka?" Sai ya ce, "A duba me? Gajiya ce." Ita kuma ta koma kan kekenta.

Ranar gwaji ya sa rigarsa mai ruwan toka, ya cire madubin daga bangon ajinsa ya saka a jaka. Makarantar da aka tura shi sabuwa ce, bango fes da fenti, daɓen siminti mai santsi. Masu dubawa biyu ne, wata dattijuwa mai tabarau da wani siririn mutum mai riƙe da fayil, suka zauna a can baya. Malam ya fito da madubin, ya duba allon, babu ƙusa, babu inda zai jingina shi. Siririn mutumin ya ɗaga gira yana kallon abin da ke hannunsa.

"Kayan koyarwa ne?" in ji shi.

"A'a, ranka ya daɗe. Kuskure ne, na haɗo shi da kaya."

Ya mayar da shi jaka.

Darasin raba lamba ne, abin da zai iya koyarwa ko daga barci aka tashe shi. Ya fara da kyau. Ya kafa dokarsa, yara suka yi dariya, suka bi. Ya kira wasu gaba ya raba musu murafen kwalba, kowa ya ga da idonsa yadda ragowa take fita. Dattijuwar tana gyaɗa kai tana rubutu. Malam ya ji jikinsa ya saki, har ya fara jin daɗin da ya yi kewa tun da aka raba shi da ajinsa. A benci na uku akwai wata 'yar siririyar yarinya mai kitso biyu da ta ba da amsa daidai, ya sa aka tafa mata.

Sai aka zo wurin da dole ya rubuta aikin aji a allo. Ya yi niyyar ya riƙa rubuta layi ɗaya yana waiwayowa. Amma allon sabo ne, alli yana tafiya a kansa kamar mai, shi kuma mutum ne mai alfahari da rubutunsa. Ya rubuta tambaya ta farko, ya ja layi da rula, ya shiga ta biyu. Duniya shiru, irin shirun da ya saba da shi. Ya ga wata bakwai ta karkace, ya goge ta da yatsa ya sake ta.

Da ya juyo, babu yaro ko ɗaya a zaune.

Bencuna sun goce. Bakuna a buɗe, duk suna fuskantarsa, wasu yaran suna kuka. Yarinya mai kitso biyu tana kwance a ƙasa tana fizge-fizge, goshinta ya fashe a gefen benci, jini yana bin kunnenta. Dattijuwar tana durƙushe ta tallafe mata kai da gyalenta, siririn mutumin ya riga ya kai ƙofa yana kiran mutane. Shi kuwa Malam yana tsaye da alli a hannu ɗaya, rula a ɗayan.

Aka zo aka ɗauke yarinyar. Farfaɗiya ce, an san ta da ita, malamar ajin ta ce za ta farfaɗo, ɗinki kawai za a yi mata. Aka kwashe yaran. Ajin ya rage daga shi sai dattijuwar, tana goge hannu da tsumma. Ta fara magana kanta a sunkuye, sai ta tsaya. Ta ɗago, ta cire tabarau, ta matso gabansa ta dube shi sosai, sannan ta sake farawa a hankali tana buɗe baki. Wannan ya fi masa zafi fiye da zagi.

"Malam, darasinka ya yi kyau. Ban ga irinsa ba da daɗewa."

Ya ajiye allin da rular.

"Amma ba zan iya sa hannu ba. Ka san dalili."

"Sun daɗe suna kirana?"

Kamar za ta sassauta, sai ta fasa. "Tun kana rubuta tambaya ta farko. Ni ma na kira ka."

Ta ce ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba. Wanda ya faɗi gwaji yana da damar sake yi sau ɗaya, idan ya kawo takardar likita kuma aka ga an yi wa matsalar magani. Ya gode mata, ya ɗauki jakarsa. Bai goge allon ba.

A hanya kunya ta juye ta zama fushi, yadda takan yi wa maza masu shekaru. Kafin ya isa gida ya gama shirya ƙararsa. Ya tarar da matarsa tana ɗinka labule, ya jefar da jaka a kujera ya fara zuba tun bai zauna ba. Ya ba ta labarin duka, har da kunnen, a karo na farko, amma a tsakiyar faɗa ya cusa shi don kada a tsaya a kansa.

"Zalunci ne," in ji shi. "Su kai mutum ajin da bai sani ba, bango ko ƙusa babu. A ajina wannan ba zai faru ba. Shekara nawa ina aikin nan, wa ya taɓa kirana ban amsa ba? Zan je in karɓo musu takardar, ko ta wane hali, in koma in sake yi. Jina ya ɗan ragu, shi ke nan. Wa na taɓa cuta?"

Ta tsayar da keken. Ta zagayo gabansa kamar kullum, amma yau ta jawo kujera ta zauna, gwiwarta tana taɓa tasa.

"Malam, ka tuna daminar da na faɗi a bayan gida, wajen shanya?"

"Na tuna. Me ya kawo wannan?"

"A ranar na ce maka yanzu na faɗi, na taso. Ba haka ba ne. Ƙugun nan ya ƙi ɗaukata. Ina kwance cikin ruwa ina kiranka har muryata ta dushe. Kana zaune bakin taga kana gyaran jarrabawa, ina ganin ƙeyarka. Da na gaji, na ja jiki na shigo."

Ya tuna ranar sarai. Ya tuna yadda ya same ta a bakin ƙofa jiƙe sharkaf, tana rawar sanyi. Ya tuna har faɗa ya yi mata, yana cewa wace irin mace ce za ta faɗi mijinta yana gida ta kasa kiransa.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Ajin nan ne kawai ya rage maka da kake tashi da safe dominsa. Na ce ni babba ce, zan iya jan jiki." Ta dubi hannayenta, sannan ta tuna, ta ɗago fuska don ya gani. "Ban yi tunanin 'ya'yan mutane ba. Nan ni ma na yi laifi."

Fushin da ya shigo da shi ya neme shi ya rasa. Ya san asibitin zai je, ko ba don hukuma ba. Ya kuma san cewa kunnen da ya bari ya lalace shekara da shekaru ba zai dawo don an sa masa wa'adi ba, kuma ko da an ba shi lasisin, ba zai ƙara juya wa aji baya da kwanciyar hankali ba.

Ya ciro wayarsa daga aljihu, wayar da ya daɗe yana cewa ba ta da kyau, ya miƙa mata.

"Kira min hedimasta. Ki ce masa ya bar wa sabuwar malamar nan ajin."

"Ka bari zuwa gobe mana."

"Gobe zan sake samun hujja. Kira shi."

Ta karɓi wayar ta nemo lambar. Malam ya gyara zama ya zuba wa bakinta ido, yana jiran ya ga an faɗa. Ta dube shi, sannan ta tashi ta juya masa baya kafin ta fara magana.