Jiƙaƙƙen Silifa a Ɗakin Yara

Sati uku ke nan Auta na kwance a gado na shida, ɗakin yara masu ciwon ƙoda. Gudawa ce ta kama ta da zazzaɓi, kafin a ankara fitsari ya ɗauke, fuska ta kumbura har ido ya koma kamar tsaga. Sai aka saka mata roba a wuya ana haɗa ta da injin wankin ƙoda. Shekarunta tara.

Babanta mai gyaran famfo ne. Kullum da azahar yake zuwa, jakar spana a kafaɗa, gwiwar wando da laima. Matarsa ta yi satin farko tana jinyar Auta, naƙuda ta taso mata, aka mayar da ita gida da jariri. Daga nan mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta karɓi kujerar gefen gado, ta kuma karɓi mulkin ɗakin gaba ɗaya ba tare da kowa ya naɗa ta ba.

A wannan ɗaki ruwa ba abin wasa ba ne. Duk abin da yaro ya sha a ƙaramin kofi mai layi-layi ake auna shi. Duk abin da ya fita kuma a jug ake tara shi, nas ta ɗaga ta duba, ta rubuta a takardar da ke rataye a ƙafar gado.

Ranar Talata likita ta tsayar da baban Auta a bakin ƙofa. Mace ce mai magana a hankali, ba ta ɓoye wa iyaye komai.

"Malam, ƙodar ba ta farka ba tukuna, in dai takarda za mu bi. Fitsarin yini guda bai cika rabin kofin shayi ba. In an kai Alhamis a haka, za mu shiga da ita tiyata a saka mata robar dindindin. Wanki sau uku a sati, sai yadda hali ya yi."

"Makaranta fa, likita?"

"Za a lallaɓa." Sannan ta ƙara da cewa, "Abin da ya ɗaure min kai, kumburin ya sauka fiye da abin da inji ya cire. Nauyinta ma raguwa yake. Na sa a sake ɗibar jini."

Ya koma ya zauna a bakin gado. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba. Auta na zana gida a bayan kwalin magani, Inna kuma na yi wa matar gado na biyar bayanin yadda ake ninke bargo.

Maganar likita ce ta ƙi barinsa. Shi dai bai san ƙoda ba, amma ya san tanki. In aka kira shi gida aka ce tanki na raguwa alhali kowane famfo a rufe yake, ba ya gardama da masu gida. Kansa yake sunkuyarwa ya bi ƙasa yana neman danshi. Shekara ashirin da yake wannan aiki sun mayar da shi mutumin da ke gaisawa da daɓe kafin ya gaisa da jama'a.

A ƙarƙashin gado ya ga silifan Auta, ja mai hoton fure. A jiƙe yake. Ga kuma sawun ƙananan ƙafafu bai gama bushewa ba, ya bi ta bayan labule ya nufi banɗakin masu jinya.

"Inna," ya ce a hankali, "wa ya sa silifan Auta?"

"Kai kuma da ka zo duba mara lafiya sai ka ɓige da duba takalmi?"

"Inna, don Allah."

Auta ta ja bargo ta rufe fuska. Inna ta gyara zama, ta rage murya.

"To ni na kai ta. Yarinya ta fara girma, a ce ta tsuguna bayan labulen da bai kai ƙasa ba, ga yara maza gado biyu? Sannan a ɗaga abin sama ana leƙawa a gaban kowa? Kuka take yi, ta matse har cikinta ya yi ciwo. In nas ta fita sai in kama hannunta mu je mu dawo."

"Jug ɗin fa?"

"Ina rage musu kaɗan a ciki mana. Ba gwaji za su yi ba? Ni duk asibitin da na je ɗan kaɗan suke karɓa a kwalba."

Ya ce, "Tun yaushe?"

"Yau kwana biyar."

"Da yawa take yi?"

"Sau huɗu, wani lokaci biyar. Sai na gaji da tsayuwa a bakin ƙofa."

Bai san ko faɗa zai yi ba ko dariya. Uwa ce, ba a ɗaga mata murya, ga shi kuma ta kusa kai jikarta ɗakin tiyata saboda tausayi. Ya tashi ya nemo babbar nas, wadda yara ke kira Sista Mai Agogo.

Sista ta saurara har ƙarshe, ta dafe goshi. Ba ta yi wa Inna faɗa ba. Kujera ta jawo ta zauna kusa da ita, ta ɗauki jug ta nuna mata layukan ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, laifin har da namu. Maman Auta muka yi wa bayani ranar farko, da kika karɓe ta babu wanda ya sake yi miki. Ba kalarsa muke dubawa ba, yawansa muke so. Kowane ɗigo."

Inna ta ce, "Wato ni na hana a ga sauƙin." Hawaye ya zubo mata, ta share da bakin mayafi.

Likita ta zo ta ji labari, ta ce a fara lissafi sabo daga ƙarfe biyu zuwa biyun gobe. In ya haura layin dubu, jini kuma ya yarda, an fasa tiyata. Sista ta ɗaga bargon Auta kaɗan.

"'Yan mata, ga sharaɗi. Ki shiga banɗaki ki rufe ƙofarki, babu mai ganinki. Amma jug zai raka ki."

Auta ta gyaɗa kai.

Washegari baban Auta bai je aiki ba. Wani mai gida da bututunsa ya fashe ya kira har sau uku, ya ce masa ya rufe babban famfo ya yi haƙuri. Sakamakon jini ya fito da hantsi, likita ta ce ya yi kyau fiye da na makon jiya. Saura takarda. Ƙarfe ɗaya da rabi Sista ta haɗa jimla, ɗari takwas da sittin. Inna sai zarya take tsakanin agogo da jikarta, ta ƙi zama.

Saura minti goma Auta ta sauko daga gado ta zura silifa. Babanta ya raka ta har ƙofar banɗaki ya tsaya ya juya baya. Ya sha tsayuwa a bakin ƙofofi irin wannan yana sauraron ruwa, amma bai taɓa yi yana addu'a ba.

Ƙofa ta buɗe kaɗan, hannu ya miƙo jug. Ya ɗaga shi saitin taga ya karanta da kansa, ya sake karantawa. Ɗari biyu da goma. Ya haɗa a ransa, dubu ɗaya da saba'in, idonsa ya cika.

Ya juya zai nufi teburin nas, jug a sama riƙe da hannu biyu, duk ɗakin na kallonsa. Auta ta kamo gefen rigarsa.

"Baba, mutane fa na gani."

Ya duba hagu da dama bai ga abin rufewa ba. Sai ya cire hularsa ya kifa a kai, ya riƙe hannunta, suka tafi tare.