Bargon Yahya a Gidan Marayun Giwa

Abdulrauf, kai ka mai da ni maƙaryaciya a unguwarmu ta Harra, nan Madina. Kai, ɗan ƙanwata, wanda na goya yana zuba mini yawu a wuya. Ban iya alƙalami ba, maƙwabciyata Hibatullah ce ke rubutawa, kuma na hana ta tausasa ko kalma ɗaya.

Bari in tuna maka, tunda ka ce ka manta. Da kamfanin shayinku ya tura ka Nairobi, matarka Khalida ta kusa sauka, ka aiko in zo in yi mata wankan jego. Ka bugo waya da Hausarka mai rabin Larabci, ka ce, "Ya Khala, in kin zo zan kai ki gidan marayun fil." Ni me na sani? Na ɗauka Filani kake nufi ka gutsure kalmar, yadda kake gutsure kowace magana. Ran Juma'a na gaya wa matan layinmu za ni wajen marayun Filani. Suka haɗo riguna da dabino da barguna, don an ce garin sanyi ne. Safiyatu ta zo daga baya, rungume da koren bargon ɗanta Yahya, wanda mota ta kashe a hanyar Yanbu. Shekara huɗu ba ta bari an wanke shi ba. Ta ce, "Kaltuma, da hannunki za ki ba wanda ya fi kowa rashin uwa. Ladan na Yahya ne."

Ka kai ni da hantsi, ina jan jakata. Jar ƙasa, igiya a ɗaure, Turawa sun jeru a bayanta. Na ce, "Ina yaran?" Ka ce, "Ga su nan."

Suka fito daga cikin itatuwa a guje, ɗaya bayan ɗaya, kunnuwa na kaɗawa kamar faifai. 'Ya'yan giwa! Tsayinsu bai wuce ƙuguna ba, amma ƙasa tana amsawa a tafin ƙafata. Kowanne ya nufi mai kula da shi, ya naɗe kwalbar madara da wannan hanci da ba shi da ƙashi, ya kafa kai. Ɗaya ya gama, ya lalubo yatsan mutumin yana tsotso, ido a lumshe. An baro Abeche da ni ina goye, ban taɓa ganin giwa ba. Sai a wurin na gane kalmar: fil ɗin cikin Alam tara kaifa, giwa ce. Shekara hamsin tana bakina a sallah, ina wuce ta ban san wannan ce ba. Na zauna a kan jakar ina ta subhanallah.

Kai kuma kana dariya. "Ya Khala, riguna kika kawo musu? Wace lamba suke sawa?"

Mai kula da su ɗin nan, Sharfuddeen, mutumin bakin teku mai ɗan jin Larabci, shi bai yi dariya ba. Bayan an watse ya kai mu ɗakin katako a baya. Wata 'yar ƙarama tana tsaye, goshinta a jikin bango. Ya ce an harbe uwarta an sare haure, aka same ta kwana biyu a gefen gawar tana tura ta ta tashi. Bakin kunnuwanta ya ƙone da rana, don inuwarta ƙarƙashin cikin uwarta ne. Ya ce shi yake kwana da ita a ɗakin, amma ta ƙi madara. Irinsu ba su sha sai hancin ya kwanta a jikin wani abu kamar uwa, shi ya sa suke rataya bargo su miƙo kwalbar ta bayansa. Sun sauya barguna uku, ta ƙi. Ya ce, "Haja, baƙin ciki yana kashe su, kamar mu."

Kana tsaye na buɗe jakar. Ban yi shawara da kai ba, gaskiya ne. Na ciro koren bargon na miƙa masa, ya rataya a igiya.

Ta juyo a hankali. Ta ɗaga hancin, ta bi bargon daga wannan gefe zuwa wancan, ta tsaya a wajen da ya koɗe, inda kai ke kwanciya. Ta daɗe a nan tana jan numfashi. Sai wani gurnani ya fito daga cikinta, ba da kunne na ji shi ba, a haƙarƙarina na ji. Ta kwantar da hancin a jikin bargon, ta buɗe baki. Sharfuddeen ya zura kwalbar. Ta sha, Abdulrauf. Ta shanye ta, madarar na bin haɓarta. Da ta gama ta miƙo hancin ta shafa fuskata, da ɗumi, da ɗan gashi mai tsini a jiki, ta hura mini iska. Na haifi bakwai, na binne uku, ba a taɓa taɓa ni haka ba.

Na waiga na gan ka ka ba mu baya, kafaɗunka suna rawa. Ka ce ƙwaro ne ya faɗa maka a ido.

Sauran kayan mun kai masallaci an raba wa marayun mutane. Da na dawo Madina ban ɓoye komai ba. Matan suka kwashe da dariya, wata ta ce, "Giwa da bargo? Gobe za ki ce kin ga raƙumi da takalmi!" Safiyatu ba ta yi dariya ba. Ta ce a tambaye ka. Ka zo hutu, mijinta ya tare ka a shagonsa na titin Sultana, cikin maza. Me ka ce? "Ma adri, ban sani ba. Khala ta tsufa."

Tun ranar Safiyatu ba ta amsa sallamata. Ta yarda na yar da bargon ɗanta a filin jirgi na ƙago labari. In na shimfiɗa dardumata kusa da tata a Harami, sai ta naɗe ta matsa. Shekara talatin muna zama gefe da gefe.

Na san dalilinka. In ka ba da labarin a gaban maza muryarka za ta karye. To ta karye. Buhun shinkafar da ka aiko na mayar wa direba, ba da shinkafa za ka rufe mini baki ba. Ran Alhamis bayan la'asar ina ƙofar gidan Safiyatu. Ka zo ka tsaya gabanta, ka faɗa mata inda bargon Yahya ya kwana, da wadda ta rayu a jikinsa. In ba ka zo ba, zan tako har ofishinku na nan Madina a ƙafa, ka amsa mini a gaban manyanka.